Yadda Yuguda Ya Fito Da Zubair Daga Rijiya

Malam Yuguda manomin gyaɗa ne a ƙauyenmu, gabas da Zakirai. Sai da furfura ta fara leƙo masa a gemu sannan ya shiga ajin yaƙi da jahilci, amma tun ranar da ya iya haɗa baƙi da wasali babu takardar da ta ƙara hutawa a gabansa. Buhun taki ma sai ya karance shi kafin ya kwance bakinsa. Ranar kasuwa kowa ya dawo da gishiri da manja, shi ya dawo da tsohon littafi a aljihu. Bayan la'asar ya zauna gindin darbejiya ya karanta mana, mu kuwa mu saki baki.

Bara ya samo wani littafi a Minjibir, ba bango, ba suna. Labarin wani falke ne, Zubair, da abokan tafiyarsa suka ci amanarsa suka tura shi rijiya. Kwana huɗu muna bin sa. Daidai inda igiya ta fara saukowa, ba a san wa ke riƙe da ita ba, Yuguda ya juya shafi sai ya ga tafin hannunsa. An yage ƙarshen.

Majalisa ta kaure. Sama'ilu mai shayi, abokin wasansa tun suna tseren jaki, ya ce, "Wace yagewa? Malam, faɗi gaskiya, karatun ne ya ƙare maka. Dama na san da ka kake zubo mana, takardar ado ce."

Aka fashe da dariya, ban da Yuguda. Shekara goma sha biyu yana karanta wa mutane takardun asibiti, yau a ce da ka yake yi? Ya ce, "Sama'ilu, ba ni ba shayinka sai na fito da Zubair daga rijiyar nan."

Ya koma Minjibir, mai littattafan ya ce bai ma tuna ya sayar da shi ba. Ya kai wake Dawanau, ya zarce birni yana bin rumfunan masu littattafai ɗaya bayan ɗaya. Sunan littafin? Bai sani ba. Marubucin fa? Oho. Sai ya tsaya ya kwashe labarin tun daga farko, masu rumfa su saurara tsaf, su ce, "To, wa ya sako igiyar?" Haka ya baro mutum wajen ashirin a Kano suna leƙen rijiya.

Bayan wata uku, ranar kasuwar Zakirai, ya sayi ƙosai wurin Inna Asma'u. Yadda ya saba, kafin ya kai baki sai da ya duba takardar da aka naɗo masa. Idonsa ya faɗa kan "Zubair ya kama igiya". Ƙosai ya watse a ƙasa. Ya juya a guje, hula a hannu, ya tarar ta ɗauko wata takardar za ta naɗe wa wani.

"Inna, don girman Allah tsaya! Mutum ne a hannunki!"

"Wane mutum, Malam? Ƙosai ne."

Ya tsuguna ya tankaɗe tarin tsofaffin takardun da take naɗi da su, ya tsinto shafi takwas cif, ya saye su.

Da yammar nan har masu dawowa daga gona suka ajiye fartanya. Yuguda ya sa Malam Abdulkabir na firamare ya tsaya a kafaɗarsa yana bin layi da ido, don kada wani ya ce uffan. Ashe tsohuwar da Zubair ya ɗaukar wa itace tun a shafin farko ce ta sako igiyar. Wurin ya ɗauki kabbara kamar ɗan garinmu aka ceto.

Abdulkabir ya ce, "Ko wasali ɗaya bai tsallake ba."

Sama'ilu ya karɓi takardar, duk maiƙo, ya shinshina ya ce, "Karatu dai akwai shi, Malam. Albasar ce ta yi yawa." Ya tashi ya haɗo shayi mai kauri, ya miƙa masa da hannu biyu.

Har yau Inna Asma'u ba ta naɗe ƙosai da sabuwar takarda sai Yuguda ya zo ya duba ko akwai mutum a ciki.