Kwanon da Kawu Sale Yake Fita da Shi

Wajibi ne in fara da bayyana inda na samo abin da zan faɗa game da marigayi Kawu Sale, yayan mahaifiyata. Wani na gani da idona, wani na ji daga matarsa, Inna Kulu. Saura daga mahaifiyata ne, wadda ta sha rigima da shi kan miyar taliya, don haka a karɓi ruwayarta da hattara. Shekarar da ya sayi injin murza taliya ba ta tabbata ba: Inna ta ce kafin a buɗe jami'a a garin nan ne, mahaifiyata ta ce bayan nan.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne, taliyar yammacin Juma'a tun Litinin ake shirinta. Kawu yakan tara mu a tsakar gida, ya tambayi kowa abin da yake so a haɗa da ita, ya saurara da natsuwa kamar alƙali. Sannan ya yanke hukunci: wake, manja, yaji da soyayyen kifi daga bakin gada. Hukuncin bai taɓa sauyawa ba. Mahaifiyata ta taɓa kawo shawarar miyar tumatir. Ya ce, "Za a duba, Hajara." Har Allah ya karɓi ransa ana dubawa.

Da na dawo daga bautar ƙasa, na kawo masa tsarabar taliyar leda. Ya zaro sili ɗaya, ya ɗaga shi sama, ya tambaye ni ko tsintsiya aka fara dafawa a birni. Amma shi ba ya almubazzaranci, saboda haka bai zubar ba. Da silin ya riƙa ɗauko wuta daga murhu yana kunna risho.

"Ashanar nan tana da kyau, ɗan nan. Allah ya yi albarka."

Ranar Laraba ake murzawa a shanya a igiyar wanki, kuma wanda ya yi wanki ranar sai dai kayan su bushe a jikinsa. Wata Laraba akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye rabin shanyar. Muka ɗauka sai an je gaban mai unguwa. Kawu ya tsaya yana kallonta tana tauna, sannan ya juya ga ƙanwarsa.

"Kin gani? Dabba ma ba ta nemi miyar tumatir ba."

Mahaifiyata ta musanta wannan lafazin. Inna ta tabbatar da shi har da rantsuwa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya sa na yi wannan rubutu. Kafin kowa ya sa hannu, Kawu yakan cika wani kwanon samira mai murfi, ya ɗora kifi mafi girma, ya ɗaure a bayan kekensa ya nufi Sabon Gari. Ya dawo da kwanon a wanke. Inna ta taɓa tambayarsa wa ake kai wa, ya ce mata, "Mai ci."

Juma'ar nan za mu dafa taliyar, karo na farko bayan rasuwarsa, kuma ni aka ɗora wa shirin. Na zaga Sabon Gari ina tambaya. Kowa ya san keken, babu wanda ya san ƙofar da yake tsayawa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ciyar da shi a Aljanna kamar yadda ya ciyar bai faɗa wa kowa ba.

Kwanon yana nan a wanke, taliya tana kan igiya. Wanda ya sani ya taimake ni kafin Juma'a: wa yake jiran wannan kwanon?