Wasiƙar da Haulat Ba Ta Gani Ba

Shekara huɗu Haulat 'yar Zariya ta yi tana aiki a wata cibiyar yara masu matsalar magana a Madinat Khalifa, a ƙasar Qatar. Ita ake bar wa yaron da ya ƙi buɗe baki, ta yi ta fama har ya ce "ruwa". Bara ta nemi gurbin digiri na biyu a fannin gyaran magana, jami'o'i uku duk suka ƙi ta.

Makinta ba laifi. Abu ɗaya ne ba ta gani ba: wasiƙar shaida da Madam, mai cibiyar, ta aika wa jami'o'in kai tsaye.

Bana ta ƙara kwas biyu, ta sake rubuta bayanin kanta sau shida. Da Madam ta ji, sai ta yi murmushi ta ce, "Maza, kawo in rubuta miki irin ta bara. Ni ban san yadda zan yi da yaran nan ba in kin tafi."

Haulat ba ta da hujja. Ta dai yi godiya har da rusunawa, ta kai fom ɗin shaidar garin Al Wakrah, wurin wata likita da ta taɓa aiki da su. Ba a ba kura ajiyar nama sau biyu.