Maruƙan da suka mutu a Runka

Shanu huɗu na gada daga mahaifina, lokacin ina matar aure a Safana, Turawa na mulki. Biyu na ba wani Bafulatani kiwo a gefen Runka, biyun kuma wana ya haɗa da nasa a rugar wata tsohuwa kusa da Batsari.

Bazara biyu a jere shanun Runka ba su bar mini komai ba. Ɗaya ta yi ɓari, ɗaya ta haifi maraƙi bai yi sati uku ba ya mutu. Shekara ta zagayo aka sake. Na Batsari kuwa kowace da ɗanta. Ga shi duk jini ɗaya ne, rana ɗaya aka yi musu allurar rigakafin cutar bushiya. Maigidana ya ce ƙaddara ce. Na yarda, amma abin ya ƙi barin raina, na yi ta damunsa har ya gaji ya bar ni na je na gani.

Da hantsi na isa Runka. Maruƙa na ɗaure a dangwali, igiyar da ake jera su, a fili tarwai, suna haki. Makiyayin bai ɓoye mini komai ba. Ya ce tun da aka shata gandun daji aka hana su inda suka saba kiwo, sai sun yi tafiyar rabin yini kafin ruwa, masu ciki da masu shayarwa duk cikin rana. Su dawo hantsa ba nono, ɗan abin da ya rage kuma matansa su tatse.

A Batsari na tarar da maruƙa kwance ƙarƙashin tsamiya, an yayyafa wa wurin ruwa. Tun asuba shanun ke fita, kafin rana ta take sun dawo inuwa suna cin ’ya’yan gawo. Na tambayi tsohuwar yadda take gane wanda zafi ya kama.

"Yarinya, taɓa hancin wannan," in ji ta.

Na taɓa, na ji damshi.

"Ranar da ya bushe, ba na tatsar uwarsa."

Ban ƙwace shanuna daga Runka ba. Na dai roƙi mutumin ya mai da dangwali gindin marke, ya kuma bar tatsar nawa in bazara ta yi. Dangwalin ya matsar, na gani da idona. Zancen tatsa kam ban sani ba. Bazara ta uku maraƙi ɗaya ya tashi. Ɗayar saniyar ta sake ɓari, kuma ba ta riƙe ciki ba sai shekarar da haihuwarta ta faɗo tsakiyar damina.