Gwangwani Biyu na Kakana

Jama'a, rizal ya fito, na haye! Kwas ɗin nazarin bayanai da ke kayar da mutane, makin A na ci. Ina cikin tsalle sai kakana ya faɗo min a rai.

Tsohon nan, in ka kawo masa zance sai ya ce, "Ka ƙirga, ko ji ka yi?"

Wata shekara ƙungiyarsu ta noman rani a bakin dam ɗin Tiga ta tashi watsar da tsohon irin tumatir. Na same shi a zaure, rigarsa na ƙamshin ganyen tumatir. Na ce, "Alhaji, kowa ya ce sabon ya fi fa."

"Amarya, waye kowa? Ɗan gidan wa ne?"

Ya jawo gwangwanin madara biyu. Ashe kowane iri kadada ɗaya ya ba shi, duk kwandon da aka cire kuma sai ya jefa tsakuwa a gwangwaninsa. Muka zazzage a tabarma. Na tsohon iri ya fi tudu, nesa ba kusa ba! Da gwangwanayen ya tafi taro, tsohon iri ya tsira.

Allah ya jiƙanka, angona. Allah ya cika mizaninka fiye da gwangwanin nan.