Mutumin da Ya Zo Soke Mutuwarsa

A ofishin rajistar mutuwa, wani dogon mutum yana tsaye ƙyam gaban akawu, tsayuwar tsohon soja, rigarsa ta yi masa yawa. Takardar shaidar mutuwarsa ce a hannunsa.

"Shekara shida ina tsare a hannun abokan gaba. A soke ta."

Akawu yana duba ƙasan takardar. Matar mutumin ce ta dangwala yatsa, ƙaninsa ya sa hannu. Akawu bai tambaya ba, amma ransa ya ba shi gidan da matar take yanzu.

Mutumin yana ta shafa dangwalen da babban yatsansa.

"Da gajiya ta yi da jira, da na yafe," in ji shi. "Amma Malam, dubi kwanan watan. Wata biyu kacal da kama ni."