Gayyar da ta Sauka a Gonar Wani

Shekarun baya, tun Turawa suna ƙasar nan, na yi neman aure a wani ɗan ƙauye kusa da Kambaza. Ni mutumin Kalgo ne, ɗan fadama, shinkafa da kifi na sani. Da rani nakan kai busasshen kifi kasuwar Gwandu, a can na ga yarinyar tana sayar da ƙuli-ƙuli. Daga ranar na zama babban mai cinikinta, alhali haƙorana ba sa shiri da ƙuli-ƙuli.

Manya suka shiga maganar. Mahaifinta mutum ne mai tsadar magana, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce idan damina ta faɗi in kawo gayya a yi masa noman fari, sannan a ga abin da Allah zai yi. Haka ake yi a lokacin: mai neman aure ya tara abokansa da makaɗi su nome gonar suruki, a ga ƙarfinsa, a ga ko yana da jama'a. Na kuma ji ƙishin-ƙishin cewa wani ɗan garin yana son ta, saboda haka na san aurena yana bakin fartanya.

Da kansa ya kai ni ya nuna mini gonar. Rani ne, fili fetal, sai kututturen kara. Ya tsaya a inuwar wani gawo mai ganye shar, ya nuna gabas da yamma da sandarsa. Ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai sosai, abin da na riƙe kawai shi ne gona mai koren itace a tsakiya. Ko yaron goye a tudu ya san gawo da damina yake zubar da ganye. Ni ma na sani, amma mai neman aure ba da dukan hankalinsa yake yawo ba.

Da shuka ta yi ƙwari na tara samarin unguwarmu, muka yini muna tafiya, muka kwana Gwandu gidan wani kawuna. Da sassafe muka isa bayan ƙauyen. Ƙasa ta canza mini gaba ɗaya, ko'ina gero iri ɗaya. Na hango itace biyu nesa da juna, ɗaya tsirara kamar matacce, ɗaya kore. Babban abokina ya ce, "Ka tabbata?" Na ce ya taɓa ganin na ɓata a cikin fadama? Na nufi koren, wanda daga baya na gane itacen danya ne.

Ciyawa ta kusa cinye geron. Na ce a raina, lallai tsohon nan da gangan ya bar ta don ya gwada ni. Makaɗi ya saki kiɗa, muka sunkuya.

Da hantsi muka hango mata sun fito daga gari da ƙoren fura a ka, yarinyar tana cikinsu. Na ƙara wa fartanya wuta. Suka zo daidai da mu, suka rage sauri, ta dube ni, ta dubi gonar, suka wuce abinsu can wajen busasshen itacen. Abokina ya ce, "Furarmu ce fa ke tafiya." Na ce kunya ce, ai ka san mata.

Ba a jima ba wani tsoho ya fito ta cikin geron yana dogara sanda, ƙafarsa ɗaya a kumbure. Ban taɓa ganinsa ba. Ya tsaya yana kallon kunyoyin da muka share. Ya tambayi wane ne shugaban gayya, aka nuna ni. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ɗana, shi yat turo ku?"

Na ce, "Wa, Baba?"

"Yarona mana. Tun da yat tahi Gwanja cin rani ba mu ji ɗuriyatai ba. Na hwaɗa ma uwatai, ba shi barin gonar ga ta mutu. Shina lahiya?"

Kaina ya ɗaure tamau. Makaɗi ya tsai da kiɗa. Na dubi tsohon, na dubi danyar, na hango mata can sun sauke fura a gindin gawo suna kallonmu, sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ina cikin wannan hali mahaifin yarinyar ya iso a kan jakinsa, ya tsaya a bayan tsohon. Ya zuba mini ido kawai, kuma har gobe ban san abin da idon nan yake cewa ba. Ko cewa yake in faɗi gaskiya, ko cewa yake kada in kuskura.

Tsohon ya sake girgiza hannuna. "Shina lahiya?"

Na ji bakina ya ce, "Lafiya lau yake, Baba. Yana gaishe ka."

Ya zauna a kan kunya ya rufe fuska da hularsa. Mahaifin yarinyar ya ce, "Sannunku da aiki. Ku ida." Ya juya jakinsa. Muka ƙarasa gonar, aka dawo mana da furar muka sha, ni dai ban ji ɗanɗanonta ba. Gonar da muka zo dominta ko fartanya ɗaya ba mu sa mata ba, abokaina kuwa nasu noman yana jiransu a gida. Duk hanyar Kalgo tsiya suke mini, wai Allah ya sa ranar ɗaurin aure kada in ɗauko amaryar maƙwabta.

Makonni suka wuce babu labari. Mahaifiyata ta ce an fasa, wa zai ba da 'ya ga wanda bai san gona ba. Baffana ya ce ba gonar ba ce, ƙaryar ce, mutanen Gwandu malamai ne, ba sa wasa da ita. Abokina ya ce ai da an fasa da an aiko. Kowa na saurara sai in ga shi ke da gaskiya. Na rame, har shinkafata na riƙa nomewa tare da ciyawa.

Da na gaji na wanke ƙafa na tafi. Na sami mahaifin yarinyar a zaure yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Gonata ɗiyana sun nome. Ba ita ad damuwata ba." Ya ci gaba da tufka. "Kai kac ce ma maƙwabcina ɗanai shina lahiya. Tun rannan shika cin tuwo. In baɗi ba ka zo ba, kai ka kashe mai ɗa. Ni kuwa ba ni iya sa baƙo shi riƙa tahowa tun daga Kalgo kowace damina. Sai dai suruki."

Na fito zauren ban gane ba ko aure aka ba ni ko hukunci aka yanke mini. Bayan kaka aka ɗaura.

Tun daga nan kowace damina gayyata gonar danya take fara sauka, har tsohon ya bar duniya. Ɗansa bai dawo ba, ba a kuma ji labarinsa ba. Kowace shekara sai ya tambaye ni, ni kuma in ce lafiya lau, in koma gida in yi istigfari. Na tambayi malamai, wani ya ce na yi laifi, wani ya ce na yi jinƙai. Surukina har ya rasu bai gaya mini abin da ya so in ce ran nan ba. Yanzu na girmi tsohon a shekaru, kuma har yau ban raba gardamar ba.

A daminarsa ta ƙarshe tsohon bai iya fitowa gona ba, sai na shiga ɗaki na gaishe shi. Na zauna ina jiran tambayar, amsata tana bakina. Bai yi ta ba. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Ka zo, ɗana?"

Na ce, "Na zo, Baba."