Sunan da Inna ba ta taɓa kira ba

Jiya a Fagam, wajen sunan ɗan ƙanina, mata suna ta gardamar laƙabin da za a sa wa jaririn. Wata ta ce Amir, wata ta ce Soja.

An sa masa Habibu ne, sunan yayanmu da ya rasu a bakin daga a Borno. Can aka binne shi, ko kabarinsa Inna ba ta gani ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kullum "yaron nan" take ce masa, har ya sa kaki.

Gwaggo ta ce, "Ku zaɓi wanda Inna za ta iya faɗa."

Inna ta miƙo hannu aka ba ta jaririn. Ta daɗe tana kallon fuskarsa, sannan ta ce, "Ku bar masa sunansa. Wancan har ya koma ga Allah bai ji shi daga bakina ba. Na ɗauka akwai sauran lokaci."

Ta sunkuya daidai kunnensa, a hankali ta ce, "Habibu." Ta sake faɗa. A na uku muryarta ta karye.

Ni dai ɗaki na shige.

Wanda ya karanta, ya sa yayana da Inna a addu'a.